Hancin Inna

Innarmu ba ta taɓa shiga aji ba, amma hancinta ya isa ya yi alƙalanci. Tun muna ƙanana, in ka ɗebi ƙuli-ƙuli a ɗakinta ba ta tambayarka, cewa take ka matso ka yi mata numfashi. Da wannan hancin ta gano ƙanena ya fara shaƙar sholisho, wato ruwan gam ɗin da masu faci ke liƙe taya da shi, tun kafin kowa a gidanmu na Tambuwal ya farga. Shekaru ya yi cikin abin. An yi faɗa, an yi rubutu ya sha, an yi kuka, har dai daga ƙarshe muka kai shi wani asibiti a Sakkwato ya yi watanni.

Ranar da ya dawo, Inna ta tsayar da shi a zaure. Ta kama wuyan rigarsa ta shinshina, ta shinshina tafin hannunsa, sannan ta ce, "Shigo. Amma ran da nis sake jin warin abin nan ga jikinka, ka nemi wata uwa, ba ni ba." Wanda ya san Inna ya san ba ta magana biyu. Shi ma ya sani.

Likitoci sun ja mana kunne kada mu bar shi zaune, a nema masa sana'a. Aka yi dace wata ƙungiyar 'yan gari ta fara ɗaukar irinsu tana raba su ga masu sana'o'i, su koya, in sun ƙware a saya musu kayan aiki. Ni a lokacin ina Kebbe, can nake aure kuma can nake koyarwa a firamare, sai Kawu, wan Inna, ya tafi wurin taron a madadin gida. To, Kawu mutum ne da kunya ta yi masa yawa har ta zama ciwo. Da aka tambaye shi matsalar yaron, sai ya gyara babbar riga ya ce wai ya ɗan samu larura, amma Allah ya yaye. Su kuma 'yan ƙungiyar, da yake su ma 'yan garin kawaici ne, suka ce madalla, ba wanda ya ce wace larura.

Bayan 'yan kwanaki Kawu ya kira ni a waya yana murna. "Ɗiyata, an samo ma ƙanenki wuri, har ya kwana biyu yana aiki. Wurin mai faci na, nan bakin hanyar Sakkwato. Sana'a mai albarka, mota ba ta ƙarewa."

Na ce, "Kawu, faci kac ce?"

"Faci fa."

"Da mi aka yin faci, Kawu?"

Sai kukan akuyarsa nake ji ta cikin wayar. Wallahi da a gabana yake, ban san abin da zan faɗa wa wan mahaifiyata ba. A duk faɗin Tambuwal, da teloli da magina da masu aski, sai a ɗauki mutumin da ya yi shekaru yana cusa hanci cikin gwangwanin sholisho a damƙa masa gwangwanin a hannu, a ce ga sana'a.

Washegari na roƙi shugaban makaranta, na hau mota. Da na sauka ban wuce gida ba, kai tsaye na nufi wurin facin. Na hango ƙanena gindin dogon yaro, ƙato da gemunsa, ya ɗora roba a gwiwa yana shafa mata sholisho da yatsa. Ya karkatar da kai can gefe kamar mai wanke wa jariri kashi, ya riƙe numfashi, zufa ta jiƙe masa riga. Sai ya shafa, ya tashi ya yi nisa ya ja iska, ya dawo. Maigidan nasa kuwa yana ta mita wai an kawo masa malalaci mai yawo.

Na sauke wa maigidan kwandon faɗa, ya tsaya yana kallona baki buɗe. Da na gama ya ce, "Hajiya, wallahi ba wanda yaf faɗa min. Larura anka ce." Gaskiyarsa ce kuwa.

Na ja ƙanena gefe. Nan na ji abin da ya fi ƙona min rai. Tun ranar da ya fara aikin bai koma gida ba. Warin ya kama rigarsa da farcensa, ya wanke da omo, ya wanke da toka, bai fita ba, ya kuma san abin da ke jiransa a zaure. A barandar masallaci yake kwana. Ita kuma Inna, da ta ga bai dawo ba, ta riga ta yanke hukunci cewa ya koma ruwa, har ta sa an fitar da tabarmarsa daga ɗaki.

Na ce, "Kai kuma ba ka da baki? Ba ka iya ce musu ba ka so?"

Ya ce, "Yaya, manyan gari sunka taru sunka yi min gata. Ƙaƙa nika buɗe baki in ce ban so? Cewa za a yi ban son aiki."

"To ka sha?"

Ya kalli yatsunsa. "Ban sha ba. Amma ina so, Yaya. Duk sa'ad da nib buɗe gwangwanin nan ina so."

Na juya masa baya don kada ya ga idona. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin.

Kawu da na same shi ya ce ai shi ba zai tona asirin gidanmu gaban mutane ba. Na ce wane asiri? Mutumin da gari duka ya gani kwance bayan tasha da tsumma a hanci? Inna kuwa ko saurarona ba ta yi ba. Ta ce tun yana goye nake rufa masa, ita ba ta yarda da bakin kowa, hancinta kawai ta sani. Na roƙe ta ta bari ya shigo ya yi bayani, ta ce ya shigo mana, ta shinshina. Na san in ya shigo a haka an gama. Ranar na tasa shi gaba muka tafi Kebbe.

A Kebbe na gane ashe duniya cike take da abin shaƙa. Na kai shi wurin mai gyaran takalma, muna isa na ga gwangwanin gam a gaban mutumin, muka juya. Wurin mai gyaran babur fetur ne ko'ina. Kafinta ya karɓe mu hannu bibbiyu, sai ga yaransa suna fesa wa gado wani ruwa mai hawa kai, ni kaina sai da na ji jiri. Maigidana da na ba shi labari ya yi ta dariya, wai in kai shi kiwon shanu. Na ce shi ya tafi kiwon, ya bar min gidan in huta.

Daga ƙarshe wani mai gidan burodi ya yarda. Kafin ya ce komai na zayyana masa gaskiya da sunanta: ƙanena ya yi shekaru yana shaƙar sholisho, ya daina, ba na son ya kusanci gam ko fetur. Ƙanena ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin ya ce, "To, nan fulawa muka da, da sukari. Ya zo da asuba."

Kada a ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Tashinsa da asuba sai na buga ƙofa har hannuna ya yi ja. Burodin da ya fara kawowa, da za a jefi kare da shi sai ya gurgunce. Ya ƙone hannu, ya yi fushi ya ce ya bari, na ce ga hanya. Ya zauna tsakar gida ya gama kumburinsa, washegari ya koma. A hankali dai burodin ya fara tashi.

Wata Juma'a ya ce zai je ya ga Inna. Ya yi wanka ya sake yi, ya ƙi shafa turare don kada ta ce ɓoye wani abu yake. Na raka shi. A zaure ta tare shi kamar yadda ta saba. Ta kama wuyan rigar, ta juya tafin hannunsa, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sai ta yamutsa fuska ta ce, "Tsami nika ji."

Na ce, "Inna, yis na! Abin da aka sa ma fulawa ta kumbura!"

Ta ce, "Ke anka tambaya?"

Ta sake kai hancinta. Can ta sake shi, ta karɓi burodin da ya riƙo mata a leda, ta juya gindinsa ta ce, "Ka ƙona shi ta ƙasa. Shigo." Da muka shiga na ga tabarmarsa shimfiɗe a ɗakinsa, an share ɗakin tas.

Yanzu ya ƙware, har shi ke koya wa sababbi kwaɓi. Amma duk Juma'ar da ya je Tambuwal, sai Inna ta tsayar da shi a zaure, ko da baƙi. Abin ya ishe ni. Ran nan na ce mata haba Inna, mutum da gemunsa, har yaushe? Kafin ta amsa, shi ya riga ta.

"Yaya, bar ta," ya ce, yana miƙa mata hannuwansa. "Kullum sai na wuce wurin mai faci in za ni aiki. Hancin nan nika tunawa in wuce."