Gishiri a Bokitin Fenti

A ma'aikatar da ya yi wa aiki har furfura ta cika masa kai, ba wanda ya taɓa tambayar sunansa. Mai Lambu suke ce masa, shi kuma yana amsawa. Shi ke kula da shukokin ado na farfajiya, masu faffaɗan ganye da son inuwa, waɗanda manya ke tsayawa a gabansu a ɗauke su hoto ba tare da sun ko dube su ba.

Babbar abokiyar gabarsa wata katantanwa ce marar ɓawo, mai yauƙi, da ke fitowa da damina ta huda ganye, ta bar sawu mai ƙyalli. Shi ya raɗa wa ire-irenta suna 'yan tsirara. Ba ya zuba musu guba, saboda kaji da kuliyoyi. Jiƙaƙƙen buhu yake shimfiɗawa kusa da tukwane da yamma. Da safe ya ɗaga, ya tarar sun lafe a ƙarƙashi, ya tsince su da hannu ya jefa a ruwan sabulu. Haka yake yi a wurin aiki, haka yake yi a gida, amma bai taɓa koya wa kowa ba, don ba wanda ya nema.

Autarsa ce kaɗai ke tsayawa kallo, ita ma don ta tsokane shi.

"Baba, wallahi da ni ganye ce da ka fi tausayina."

"Ganye ba ya neman sabuwar waya," in ji shi.

A hutunta na ƙarshe daga jami'a ta zo da ɗan gindin wata shuka mai kama da gwaza, mai jan jijiya a tsakiyar ganye. Da hannunta ta dasa a tsohon bokitin fenti, ta ajiye a bakin baranda. Bayan nan ciwo ya kama ta, bai kuma daɗe ba. Bayan rasuwarta aka rabar da kayanta, ɗakinta ya koma wurin ajiye katifu. Abin da ta taɓa da hannu, wanda kuma bai daina girma ba, shukar nan ce kawai.

Matarsa ba ta kallon bokitin. In za ta wuce baranda, sai ta karkata fuska wajen bango. Bai taɓa yi mata magana a kai ba.

Ana tsakiyar damina aka kwantar da shi a asibiti, aka yi masa aikin ƙaba. Wata safiya, matarsa tana haɗa kwanukan da za ta kai masa, idonta ya faɗa kan sabon ganyen shukar. An huda shi kamar rariya. Ta ajiye kwanukan ta tsaya.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta kan katanga. "Yaya, lafiya kika yi tsaye kamar an dasa ki?"

"Abubuwan nan ne ke cinye shukar yarinyar nan."

"Wannan ne ya dame ki? Gishiri! Ki barbaɗa musu, yanzu ki ga sun narke. Mazan nan sai su mai da ƙaramin abu ilimi."

Ta gwada, kuma sun narke. Daga ranar, kullum sai ta zuba: a kan ganye, a gefen bokiti, a kan ƙasar kanta don kada su sake hawa. Ta biyo da ruwa, kamar yadda take ganin yana yi.

Ranar da aka sallame shi, tun bai cire takalmi ba ta ja shi baranda.

"Malam, zo ka gani. Ko ɗaya babu. Kai da buhunka shekara da shekaru, ni ga shi na gama da su."

Rabon da ya ji irin wannan muryar a bakinta tun kafin rasuwar. Ya dubi bokitin. Ƙasar ta yi farin ɓawo. Gefen ganyen ya ƙone ya nannaɗe, sandunan sun langaɓe.

"Sannu da ƙoƙari," ya ce.

Da ta fita kasuwa, ya durƙusa duk da likita ya hana shi. Ya zazzage ƙasar, ya wanke saiwoyin a bakin famfo, ya sake wankewa. Da ya matsa gindin, sai yatsansa ya shige. Ya riga ya ruɓe. Duk da haka ya sa shi a sabuwar ƙasa, ya jira. Ba abin da ya tsiro.

"Me ya kashe ta?" ta tambaye shi, ranar da ganyen ƙarshe ya faɗi.

Amsar tana kan harshensa, kalma ɗaya ce. Ya dubi hannunta, fatar yatsun duk ta tsattsage.

"'Yan tsirara ne. Sun cinye gindin daga ciki tun kafin ki fara."

Ta jinjina kai. "Da na fara da wuri."

"Ba laifinki ba ne."

Ya ɗauka maganar ta ƙare ke nan. Washegari da safe ya fito ya same ta da kwano a hannu, tana bin sauran tukwanensa ɗaya bayan ɗaya, tana zuba musu gishiri, fuskarta a ɗaure.

"Waɗannan kam ba za su ci su ba," ta ce, ba ta ɗago ba.

In ya hana ta, sai ta tambayi dalili.

Sai ya fara kwashe tukwanen zuwa wurin aiki, yau ɗaya a bayan keke, jibi ɗaya, yana ce mata shugabansu ne ke so. Waɗanda bai kai ga ɗauka ba suka bushe a inda suke. Kafin damina ta fita, tsakar gidan ta zama fili, ko ciyawa ba ta fitowa a gindin katanga. Har yanzu, duk ranar da aka yi ruwa, takan fita da kwanonta. Shi kuma yakan zauna a baranda ya juya mata baya, yana ɗaure igiyar takalminsa a hankali har ta gama.