Baba Gagare da Ramin Silinda na Uku

Da an idar da sallar asuba, Malam Umar Faruk, wanda duk Batsari ta sani da Baba Gagare, yakan sha kokonsa, ya hau tsohon kekensa ya nufi rumfar kwanon da yake gyaran mota a cikinta, a bakin hanyar Safana. Shara yake fara yi. Sai ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu, ya wanke hannu kamar mai shirin cin tuwo. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai bar wa Faisal rumfar, magidancin da ya koyi aiki a hannunsa tun da daɗewa, domin idanu sun fara gajiya.

Kowane bakanike ya iya kwance inji. Abin da ya bambanta Baba Gagare shi ne abin da yake yi bayan an kwance, lokacin da bulok, wato gangar jikin injin, ke zaune tsirara da ramukansa huɗu na silinda, mai mota kuma yana tsaye yana ƙagara.

Sagiru direba shaida ne. Shi ke da tsohuwar a-kori-kurar da wani ƙauye a yankin Tsaskiya ya dogara da ita, ita ke kai gero da gyaɗa kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti. Shekara huɗu da suka wuce, ana dab da kaka, ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, ko ɗan tudu ba ta iya hawa da kaya. Wani ya ce masa injin ya mutu. Wani ya ce zoben fistan kawai za a canza, yini ɗaya an gama. Wannan ta biyun ce ta kwanta masa, da ita ya zo Batsari.

Bayan sun gaisa, an tambayi iyali da damina, aka sauke injin. Baba Gagare ya wanke ramukan da kananzir, ya goge da farin tsumma, ya juya bulok ɗin ya fuskanci rana. Sagiru ya leƙa ya ce, "Baba, ai lafiya lau suke. Dubi na ukun nan yadda yake sheƙi kamar madubi."

"Sheƙin nan shi ne ciwon," in ji Baba. "Leƙa na farko. Ka ga siraran zane sun gitta juna kamar saƙar tabarma? Su ke riƙe mai. Na uku ya cinye nasa. Kawo hannunka."

Ya kama yatsan Sagiru ya bi da shi a bangon ramin. Farce ya maƙale a wani layi da ya gangara tun daga sama, ido ba ya ganinsa sosai. Sannan ya ɗauki sabon zobe ya tura shi cikin ramin da kan fistan, ya auna tazarar bakinsa a sama, ya sake turawa ƙasa ya auna. Ba su zo ɗaya ba. Ya haska tocila ta ƙasa, haske ya ɓullo ta gefen zoben.

"Inda haske ya bi, nan mai zai bi. Injinka bai mutu ba, Sagiru, bulok ɗin nan yana da sauran nama. Amma sai an kai shi Katsina an faɗaɗa ramukan, a sa fistan daidai da su."

"Kwana nawa?"

"Shida, in Allah ya yarda."

Ran Sagiru ya ɓaci. Kwana shida a bakin kaka ba wasa ba ne, mutane sun riga sun ɗaure buhuna suna jiransa. Ya ce, "Baba, don Allah a sa zoben a rufe. In ta lalace ni na jawo."

Baba Gagare ya ajiye tocilar. Ya san hanyar da motar ke bi, ya kuma san irin shekarun da ake ciki, da mota ba ta mutuwa a daji a ce an yi latti kawai. Ya ce, "Ɗana, ba kai kaɗai ke shiga motar nan ba. In ka ga dama ka kwashe ka kai wani wuri, ba zan ji haushi ba. Ni dai hannuna ba zai rufe shi haka ba."

Sagiru ya fita ya zauna gindin darbejiya har azahar. Da ya dawo, sai ya ce a kai Katsinan.

Damina ta gaba, wata safiya, labari ya iso ƙauyen cewa 'yan bindiga na tafe, kowa ya tashi. Motar nan ta yi sawu huɗu zuwa garin Safana cikin laka, shaƙe da mata da tsofaffi da awaki, ba ta yi ko tari ba. Baiwa, tsohuwar da aka ɗora a sawun ƙarshe, ba ta taɓa ganin Baba Gagare ba. Da ƙura ta lafa aka koma gonaki, ta aiko masa da ƙwaryar gyaɗa ta hannun Sagiru, ta ce a gaishe da mutumin da ya ƙi jin magana. Har yau motar tana kan hanya.

Baba Gagare, gagara gaggawa. Kai ne ka ɗauki fushin mutum na kwana shida don kada ka ɗauki alhakin mutanen da ba ka sani ba. Kai ne ka koya wa Faisal da irinsa, daga Karare har Safana, cewa ba a yanke wa inji hukunci da ido kaɗai, ba a jefar da shi don ya tsufa, ba a kuma rufe shi a kan ciwo. Aikinka ana ɗaure shi da noti a rufe, babu mai sake gani, amma ba ka taɓa fakewa da wannan ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya ƙara wa idanun nan haske. Masu gini, masu ɗinki, masu allura, da duk wanda ake barin sa shi kaɗai da aikin da za a rufe, ga wanda za ku duba. Yana nan da ransa a Batsari, ku je ku gaishe shi.