Tsagar da ke cikin 'yar yayata

Shekarar da na zo New York, aikina ɗaya ne: kula da 'yar yayata, yarinya 'yar shekara shida. Yaya tana jinyar wata tsohuwa, a can take kwana, sai ƙarshen mako muke ganinta a gidanmu da ke unguwar Parkchester. Bizata kuwa ta riga ta ƙare, ni da Yaya mun sani, ba ma dai maganar.

Da dogon hutu ya zo, Yaya ta sa yarinyar a wani kamp, inda yara ke yini su dawo da yamma. Abin da suke tinƙaho da shi a wurin, wai ba a sa yaro yin komai. Da safe a tara su, kowa ya faɗi abin da ransa ke so: fenti, ko ƙwallo, ko kwaɓa yumɓu, ko ninƙaya. Na taɓa ganin ƙatuwar mace ta durƙusa gaban wani ɗan mitsitsi da majina a hanci, tana tambayarsa ko yana jin zai so ya sa takalminsa. Ya ce a'a. Ta ce ta gode da ya faɗa mata. Ni da na tashi a gidan da ko tuwo ba a tambayarka za ka ci, na tsaya ina kallon ikon Allah.

Ran da abin ya faru, tun da safe muka ɓata da yarinyar. Ta ce ƙanƙara mai zaƙi za ta sha kafin kari, na hana, ta ce da Turanci ai zaɓinta ne. Na ce a kamp aka san wannan, nan gidan uwarki ne. Har muka sauka daga jirgin ƙasa ba ta kula ni ba.

Da yamma na je ɗaukarta, sai aka ce in shiga ofis. Shugabar wurin na zaune, ga wata baƙuwa da kati rataye a wuya, yarinyar kuma tana gefe tana zane. Shugabar ta yi min irin murmushin nan nasu da ba ya wuce haƙori, ta ce yau yarinyar ta zaɓi ninƙaya, da ta cire riga sun ga tabon yanka a cikinta, jere. Sun tambaye ta, ta ce da wuƙa aka yi mata. Doka ta wajabta musu su kira hukumar kula da yara, ga ma'aikaciyarsu ta zo.

Tabon na san shi. Tana jaririya Yaya ta kai ta gida wajen mahaifiyarmu, cikinta ya yi ta kumburi, mahaifiyar tamu ta kira wanzami ya yi mata 'yan tsage kamar yadda aka yi wa kowannenmu. Amma a take Turancin da na yi a sakandare ya gudu. Ban da kalmar hukuma babu abin da ke yawo a kaina. Na kira Yaya, ba ta ɗauka ba, don ba a barinta riƙe waya in tana wa tsohuwar wanka.

Ma'aikaciyar ta kira tafinta a waya ta ajiye a tebur. Muryar wani dattijo ce, Hausarsa ta mutanen Ghana.

"'Yata, kwantar da hankali," ya ce. "Abin da suka tambaya kaɗai za ki amsa. Wa ya yanke ta?"

"Baba, ba yanka ba ne, tsagar wanzami ce."

"Ni na sani. Su ne ba su sani ba. To me zan ce musu, mai aski?"

Ya faɗa musu, suka kalli juna. Mai aski ya yanki jaririya a ciki. Ni ma da na ji shi da Turanci sai na ji abin ya yi muni.

Daga nan shugabar ta yi abin da ta fi iyawa. Ta tashi ta durƙusa gaban yarinyar, ta sassauta murya, ta ce, kina so ki bi wannan matar gida? Ba dole, ke za ki zaɓa.

Wannan matar. Ni da ke mata wanka, ni da ke tsefe mata kai tana ihu. Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta turo baki, na gane fushin safe bai huce ba. Ta ci gaba da zanenta. Manya biyu masu digiri suka zuba mata ido suna jiran hukunci, kamar dai launin fenti aka ce ta ɗauka. Ina tsaye, raina na nuna min abin da zai biyo baya. Na ga an tafi da ita gidan wasu, na ga an tambaye ni takarduna, na ga fuskar Yaya.

Ban san lokacin da na ɗaga rigata ba. Ni da ko gaban Yaya ba na canza kaya, na buɗe cikina a ofishin mutane, ƙofa a buɗe, iyaye na wucewa. Na nuna musu nawa tsagen, wuri ɗaya, jeri ɗaya, sai dai nawa sun dushe. Na ce, "Baba, gaya musu ni ma ga shi. Uwarta ma tana da shi. Ni ma su tambaye ni, kamar yadda suka tambaye ta, ko ina so in koma gidanmu."

"Wannan na ƙarshen ba zan faɗa ba," in ji shi.

Ma'aikaciyar ta matso ta duba nawa, ta duba na yarinyar, ta ce in sauke rigata. Ta ce tabon tsoho ne, yau za mu iya tafiya, amma za ta zo gida ta ga uwar, kuma likita zai duba. Shugabar ta ce tana fata na fahimci cewa don yarinyar suka yi. Har ta miƙo min hannu. Na ɗauki jakar yarinyar, na kama hannunta muka fita.

Ma'aikaciyar ta zo gidan kuwa. Ta buɗe firij, ta leƙa inda muke kwana, ta keɓe yarinyar a ɗaki ta yi mata tambayoyi. Ta rubuta sunana, ba ta tambayi takarduna ba, ban kuma san inda sunan ya tafi ba. Bayan wasu makonni ta bugo wa Yaya ta ce an rufe maganar.

Yaya ta so yarinyar ta ƙarasa hutunta a can. Na ce sai dai ta nemi mai kai ta, ni ƙafata ba za ta ƙara taka wurin ba. Ba ta samu ba. Sauran hutun a falo muka yi shi ni da yarinyar, labule a sauke, in an ƙwanƙwasa ƙofa in rage ƙarar talabijin, mu yi tsit har mai bugun ya tafi.