Ranar da Kwamfuta ta Ƙi Goge Sunan Maigidana

Har yau ina tambayar kaina: maganar da maigidana ya faɗa wa malamin ƙungiyar manoma, da wasa ya yi ta ko har cikin ransa? Mai amsar yana kwance a ƙasa, Allah ya jiƙansa. Ni ban san baƙi ba, ɗiyata ce ke rubuta wannan, na kuwa ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekarun baya, ina cikin takabarsa a Bakura, lokacin noman rani ya kama. Ƙungiya ce ke raba ruwa, kuma dokarsu ba a sakar wa mamaci ruwa sai an cire sunansa an sa na magaji. Irin albasar da muka yafa a bayan ɗaki ya kai dashe. In aka wuce gonarmu a rabon, irin ya tsufa a banza, shi ne kuwa na ƙarshe da muka yafa tare.

Sai malamin ƙungiya ya aiko cewa ya danna a goge sunan, kwamfuta ta ƙi, sai jan rubutu take fito masa da shi. Na ce wa ɗan aiken wataƙila ita ma takaba take yi. Shi ne karo na farko da na ji dariya ta kama ni tun rasuwar.

Ɗiyata tana aure a Talata Mafara, can ta yi karatun kwamfuta, ita ce ma ta haɗa wa ƙungiyar abin. Da yake ba na fita, ta hawo mashin ta zo da tata kwamfutar, ta zauna a tabarmata. Na matsa kusa, don ina son in ga abin da ya fi ni taurin kai.

"Mi ta ce?" na tambaye ta.

"Inna, akwai rumbu, can sunaye suke zaune. Ni ba ni magana da rumbun kai tsaye, akwai dillali tsakani. In hwaɗa mishi abin da nika so, shi ya kai ma rumbu."

"To dillalin ne mugu."

"Ba mugu ba ne. Cewa ya yi Baba uba ne, yana da 'ya'ya. In anka goge shi, sun zama marayu."

Na dafe ƙirji. Na ce wa ya gaya masa? Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba 'ya'yanmu take nufi ba. A aikinsu, duk abin da aka rataya a ƙarƙashin suna, 'ya'yansa ake ce masa: gona, layin ruwa, injin ban ruwa. Ta ce tana iya tilasta wa dillalin, amma sai ya kwashe uban da 'ya'yan gaba ɗaya, gonar ma ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Na ce ta rufa mini asiri.

Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su ƙarƙashin sunana. Ta sake dannawa. Jan rubutu. Ta yi tsaki, ta gyara ɗankwali, ta sha fura, ta koma. Ni dai ina kallon baƙaƙen suna gudu kamar tururuwa, ina ta tambaya, tana ta "Inna, don Allah ki bari in yi tunani." Tun tana goye ban taɓa barin ta ta yi tunani ba, ba ranar zan fara ba.

Bayan la'asar ta ɗago kai ta dube ni.

"Inna, dillali ya ce bai san wa zai hwara cirewa ba. Ke kina ƙarƙashin Baba, wurin iyali. Shi kuma yana ƙarƙashinki."

"Ƙarƙashina ta yaya?"

Ta ce akwai wani gurbi da ta yi saboda leburori masu noma gonar wani, inda ake sa sunan wanda suke yi wa aiki. A gurbin mahaifinta sunana ne zaune. Ta ce ita ko a mafarki ba ta zaci mutum zai zama uban wani kuma ɗansa ba, shi ya sa ba ta koya wa dillalin yadda zai yi ba.

Ta kira malamin a waya, ta sa na ji. Ya ce, "Wallahi Hajiya, ranar rajista na tambayi marigayi ko yana yi ma wani aiki, ya ce ƙwarai, ya hwaɗi sunanki. Na dubi huskarshi, ba dariya. Mi zan yi? Sai na rubuta."

Nan kukan ya zo mini. Tun muna da ƙuruciya, da yake ni ke rainon iri ni ke cewa ga ranar dashe, "uwar ɗakina" yake kira na, shi kuma lebura. Na ɗauka maganar iyakarta tsakar gida.

Ɗiyata ta share fuska ta ce gyaran ba wuya, ta cire sunana daga gurbin, igiyar da ta ɗaure mu ta tsinke, sannan ta goge shi. Ta ɗora yatsa. Na riƙe hannunta.

"Dole sai an goge?"

"Doka ce ta ce a cire mamaci, Inna."

"Doka ruwa ta hana shi. Ki hana shi ruwan, ki bar min shi."

Ta janye yatsanta. Aikin ya ƙaru mata, don sai da ta yi sabon gurbi mai cewa mutum ya rasu, ta koya wa dillali ya riƙa tsallake shi ranar rabo. Malamin ya yi gunaguni, daga baya ya yarda. Aka sakar mana ruwa, ɗan'uwan maigidana ya dasa albasar, ta kuwa yi kyau. Na ji an ce yanzu duk wanda ya rasu a ƙungiyar haka ake yi masa, ba a gogewa.

Har yau ban fahimci rumbun nan ba, ban san inda yake ba, ban taɓa ganin dillalin ba. Amma ina jin kunyar zagin da na yi masa, don a ranar shi kaɗai ya tsaya ya duba wa ke riƙe da wa. Wani lokaci nakan sa ɗiyata ta buɗe ta nuna mini layin, in ɗora yatsa a kai duk da ban iya karantawa ba.

Safiyar da maigidana ya fita gona aka dawo da shi ba magana, ya saɓa fartanya ya kai bakin zaure, sai ya waiwayo ya ce:

"Uwar ɗakina, lebura ya tahi aiki. In na makara, kar ki sallame ni."