Ƙaguwar da ta nufi gabas

Akwai wata Talata a watan Afrilu da har gobe ban manta da ita ba. A lokacin ina cikin wata na biyu na gwaji a wata cibiyar binciken dabbobi a Maryland, bayan na shekara bakwai ina tuƙin haya. Malam Lawal, Bakano, shugaban masu kula da dabbobi, shi ya tsaya mini aka ɗauke ni. Ƙa'idar wurin ita ce wata uku na gwaji, kuma kuskure babba guda ya isa a sallame ka.

Aka ba ni wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, babu taga. A ciki akwai manyan akwatunan gilashi huɗu, da ƙaguwa arba'in da aka kawo daga wani tsibiri na Karebiyan. Ni mutumin Tasawa ne, ƙaguwar tafki kawai na sani. Dokta Marta, mai binciken, ita ta wayar da ni. Waɗannan a daji suke zama cikin ramuka, in sun daɗe a ruwa ma nutsewa suke. Amma ba sa haihuwa sai a teku. Da ruwan farko ya sauka sai su fito gaba ɗaya su gangara gaɓa, matan su rungumi ƙwai kamar mako biyu su zuba a ruwa, 'ya'yan su yi wajen wata guda a can sannan su hauro tudu.

Ɗakin a kan rani aka saita shi. Zafi da haske da danshi duk na'ura ke riƙe da su, Dokta ce kaɗai za ta sa ranar da za a yi musu damina. Aikina in ba su ganye, in ƙirga su safe da yamma, in share. An ce kada in taɓa na'ura, ban kuwa taɓa ba.

Ran nan buhun ƙasar da ake zuba musu ya fashe. Na sa tsintsiya, ƙura ta tashi. Wanda ya tashi a gidanmu bai shara a busasshen tsakar gida, uwata ma sai ta ranƙwashe ka. Ban yi wani tunani ba na ɗebo ruwa a bokiti na yayyafa ko'ina, har da ƙari. Ƙasar da ɗumi ta sha ruwa, sai ƙamshin ruwan farko ya cika ɗakin. Na tsaya ina shaƙa kamar wawa, raina na can gonar babana. Daga nan na ja ƙofa na tafi ɗakin kifaye da nake kula da su, ban ma tabbatar ta kama ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na dawo. Tun daga matakala na ji wata ƙara siririya, kamar ana tsintar tsakuwa a faranti. Na tura ƙofa. Dabbobin da sai ka yi dabara kake ganin ƙafarsu da rana duk sun fito. Sun taru a gefe guda na kowane akwati, wata kan wata, har na akwati na uku sun ɗaga murfi. Waɗanda ke ciki suna ƙasa, a jere, duk sun fuskanci bango ɗaya. Kullum inuwata kaɗai kan sa su gudu. Ran nan kuwa ɗaya ta hau takalmina ta sauka ta ɗaya gefen, ko kallo ban ishe ta ba. Na ji tsoro na gaske.

Na kira Malam Lawal muka kwashe su. Muka ƙirga sau uku, talatin da tara.

Ya ce, “Isufu, me ka taɓa?”

Na so in ce na'ura ce ta lalace. Bakina ya ƙi. Na ce, “Malam, ruwa na yayyafa don shara.”

Ya dafe kai. “Kai ka yi musu damina da bokiti! Ka ga, dabbar ƙasar waje ce. In ba a gan ta ba zuwa ƙarfe biyar, dole Dokta ta kai rifot, a rufe wurin binciken nan. Ni da na kawo ka, da wane ido zan dube su?”

Dokta Marta ta sauko, ta ji bayani. Muka shiga nema: bayan firji, ƙarƙashin tebura, cikin takalman roba, duk inda ke da duhu da sanyi. Har ƙarfe uku babu labari.

Ina durƙushe da tocila sai na tuna yayyena. Da kaka ta wuce sukan tafi cin rani kudu, amma ranar da suka ji an yi ruwa a gida, ko suna tsakiyar ciniki suke naɗe tabarma. Na miƙe na ce, “Malam, ba ɓuya ta yi ba. Tafiya take. Bangon da suka fuskanta ɗazu, ta ina yake?”

Ya duba wayarsa, manhajar alƙibla ya buɗe. Ya ce gabas.

Muka bi doguwar hanyar ginin, muka wuce ɗakuna masu ruwa da inuwa, ba ta shiga ko ɗaya ba. A can ƙarshe, gindin ƙofar ƙarfe da ba a buɗewa sai in gobara ta tashi, muka same ta. Jikinta ya bushe ya yi fari-fari, amma ƙafafun na ta aiki, tana kartar ƙarfen a hankali ba tsayawa. Na tambayi Dokta me ke bayan ƙofar. Ta ce filin ajiye motoci, sai gangare, sai kogin da ke zuba a ruwan gishiri. Na ce yaya ta sani, ita da aka shigo da ita a rufe? Ta ce wataƙila gangaren daɓe ne, wataƙila iska. Sannan ta ƙara da cewa ba ta sani ba.

Ni na ɗauke ta. Har muka koma ɗakin ƙafafunta na tafiya a iska cikin hannuna. Na sa ta a akwati na danne murfi, Malam Lawal ya rubuta arba'in.

Takardar gargaɗi aka ba ni, aka ƙara mini wata guda na gwaji, na tsira da aikina. Ku sababbin ma'aikata da kuka shigo bana, ga abin da na koya. A aikin nan abin da hannu ya saba tun gida ya fi wanda aka hana ka haɗari, don babu wanda ya san zai gargaɗe ka a kansa. Kuma in kun ga dabba ta yi luf a akwati, kada ku rubuta ta saba. Jira take.

Abu ɗaya ne ban gaya wa Malam Lawal ba. Ban ji daɗin kama ta ba. Damina tara ke nan a lokacin ban ga gida ba, kuma da sanin da na yi wa masu komawa gida na tare mata hanya.