Tashen da Ya Raba Ni da Gidanmu

Yaya Sale ne ya raba ni da makaranta, kuma shi ya raba ni da gidan ubana. Ɗan wan babana ne, a tsakar gida ɗaya muka tashi.

Goma ga azumi, ina aji huɗu a firamare, muka fita tashe bayan shan ruwa. Ana neman wanda zai fito a mace, Yaya Sale da hannunsa ya ɗauko zanin Inna daga kan igiya ya ɗaura mini, ya shafa mini kwalli, ya cusa mini tsumma a ƙirji. Na yi rangwaɗa, na yi fari da ido, matan gidaje suna riƙe ciki don dariya, suna zuba mana gero a ƙwarya. Ni dama yaron madafi ne. Sa'o'ina na harbin ƙadangare da danƙo, ni ina gindin murhu ina kaɗa wa Inna miyar kuka, ina tsince shinkafa a faifai. Ba wanda ya taɓa cewa komai.

Washegari Yaya Sale ya tsaya gaban Baba ya ce, "Baffa, abin nan fa ba wasa yake yi ba, halinsa ne." Ya kai maganar makaranta. Yara suka daina zama benci ɗaya da ni, malami ya riƙa kirana Hajiya. Baba ya zane ni da igiyar akuya, ya tura ni garejin wani amininsa wai ƙarfe ya mai da ni namiji. Inna ba ta ƙara barina na taɓa muciya ba. Abin da Yaya Sale ya hango a kaina gaskiya ne, ban musa ba. Amma a lokacin ko ni ban san sunansa ba.

Yanzu furfura ta fito mini a ƙasar waje, a birnin Kuala Lumpur. Ina sayo kayan miya a kasuwar Chow Kit, ina tuƙa tuwo ɗalibai 'yan ƙasarmu na unguwar Bukit Jalil suna saye a ƙunshe su tafi da shi, da shi nake rufa wa kaina asiri. A nan tukunya ke ciyar da ni, amma har yau hayaƙin murhun Inna nake nema.

Sai ga Yaya Sale ya zo bikin kammala karatun ɗansa. Muna zaune a mamak, wato gidan shan shayi, da ɗaliban da ke sayen abincina, hira ta kai kan maƙwabciyar ƙasa Singafo, da suka soke dokar ɗaure irina, maza masu neman maza. Ya kurɓi shayi ya ce, "To Hajiya, ai sai a hau bas, an ba ku lasisi." Yaran suka sunkuyar da kai. Na san daga gobe wasu ba za su ƙara kirana ba.

Na ce, "Yaya Sale, alƙali bai taɓa ganina ba, ɗan sanda bai taɓa riƙe mini riga ba. Ba doka ce ta kore ni daga gida ba, kai ne. Ko duniya duka ta soke tata, kai wa zai soke ka?"