Ganyen Dawa da Azahar

A shekarun da Nasara suka fara shigowa ƙasar Dutse, ciwo ya cinye mana shanu, na ajiye sandar kiwo na ɗauki fartanya. A daminata ta farko ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki. Da azahar na je gona, na tarar ganyen dawata ya nannaɗe kamar tabarma. Ni da na saba shayar da dabba, sai na hau jidar ruwa da tulu, ina ta masifa.

Dattijon da muke iyakar gona ya tsayar da ni. Ya ce, "Ɗana, ba mutuwa za ta yi ba. Iska ce ta bushe, shi ya sa take tattalin ruwan jikinta. Dawo da sassafe. In ganyen ya buɗe, ƙyale ta. In yana naɗe, mu fita roƙon ruwa."

Ban yarda ba, amma na dawo. Ganye ya baje, kore shar. Tun mutuwar shanuna, ranar na fara samun abin da bai mutu a hannuna ba.